Ya gyara sabar Baba, ya daina zuwa

Anti Barakatu, don Allah ki taimake ni, ko ƙawata ban iya faɗa wa wannan ba.

Bana na gama sakandare. Babana sakataren ƙungiyar manoman masara ne a nan Malumfashi, kuma a shagon ƙofar gidanmu aka ajiye babbar kwamfutar da suke kira saba, wadda ke riƙe da manhajar rabon taki. Duk sanda za a sabunta manhajar sai ta yi ta jan ƙafa tun hantsi har la'asar, dole Awaisu, saurayin da ke kula da ita, ya taso daga Funtua ya zauna gadinta. Ni ake aika in kai masa dambu da zoɓo. Ban taɓa ce masa komai ba bayan sannu, shi ma yawwa kawai yake cewa. Amma Anti, yadda yake tsura wa allon nan ido yana ajiyar zuciya, haka jaruman littattafai suke yi in abin ya kama su. Ni har sunayen yaranmu na zaɓa.

Ran nan sai ya saka mata wani gyara, wai faci. Yanzu kafin a zuba zoɓo a kofi ta gama, kuma daga Funtua yake yi ta waya. Baba sai sa masa albarka yake, ni kuwa ko abinci ba ya min daɗi. Na ji yana gaya wa Baba facin ya fito tun kafin shuka. To me ya hana shi sakawa tuntuni, in ba ni ba?

Na san wayar jikin sabar da in na zare komai zai tsaya, dole ya zo. In zare?

'Yar Bakin Taga, Malumfashi

’Yata, kada ki taɓa wayar nan. Damina ce, mutane na jiran taki, kuma wanda zai fara shan faɗa shi ne Awaisun naki. In aka ga sabar ta lalace, wani za a kira daga Bakori, mai yiwuwa mai jikoki.

Ajiyar zuciya kuwa, duk wanda ya wuni yana kallon abin da ya ƙi motsi zai yi ta. Jinkirin facin zai iya zama saboda ke, zai iya zama yana tsoron gwada sabon abu ne ana tsakiyar rajistar manoma, zai kuma iya zama dambun. Ban raina ko ɗaya ba.

Abin da na tabbatar shi ne, saurayin da ya gyara abu har ya raba kansa da dalilin zuwa yana da amana. Ki samu gwaggonki ko wata yayarki mai riƙe sirri, ta bincika a hankali. In yana ciki, ya san hanya, zai zo ba tare da komai ya lalace ba. In ba ya ciki, kin huta, ki nemi gurbin karatunki.

Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ya ba manomanku damina mai albarka.

Anti Barakatu