A Karanta Ta a Bakin Rumbu

Abijan, Maris 1986

Yaya Rabo,

Gaisuwa mai ƙamshin ruwan farko gare ka da mutanen garinmu Tama. Yaya ƙafar Inna? Ni da matata Zinariya muna lafiya, ni ne dai na kasa haɗa ido da ita.

Lokotoro, wato likita, ya auna jininta. Ya ce wata tsoka a maƙogwaronta ce ta ɗan yi rauni, ita ta kawo mata ƙibar nan, wataƙila har jinkirin haihuwar da muke fama da shi. An ba ta magani.

Ka tuna shekarar yunwa, da kowa ya rame tana ƙiba, na kira ta ɓarauniyar hatsi a bakin rumbunmu, gaban jama'a.

Don Allah ka tara su a wurin, ka karanta takardar nan da ƙarfi. Kada ka sassauta mini ko kalma ɗaya.

Ƙanenka mai sunkuyar da kai,
Iliyasu