Mita Hamsin Daga Bakin Titi

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da maigidanki. Yaya ƙafar tasa? Allah ya ƙara sauƙi. Kin san ni da biro ba ma shiri, amma na zaɓi takarda ne don in na kira ki a waya zan ɗaga murya, alhali ba ke kika yi mini laifi ba.

Ranar Talata ina gona sai ga mota ta tsaya a bakin titi. Mutum uku suka fito, ɗaya da tef ɗin awo, ɗaya da gwangwanin jan fenti, na ukun hannunsa a aljihu, wato shi ne babbansu. Suka ce majalisarku ta yi sabuwar doka: duk shukar da ta fi mutum tsawo ba za ta tsaya ba daga bakin babban titi zuwa mita hamsin, saboda ɓarayi na ɓuya a ciki suna tare motoci. An ba ni kwana goma sha huɗu in sare, ko su zo su sare mini.

Auta, kin san gonar Baba doguwa ce siririya, kwance take a gefen titi kamar tabarma. Mai awo ya ja tef ɗinsa daga bakin titi ta tsakiyar gonar, gona ta ƙare a mita arba'in da biyu. Sai da ya tsallaka cikin gyaɗar maƙwabci kafin ya kafa turke. Ma'ana gonar gaba ɗaya ta shiga.

Ba abincin ne ya fi damuna ba, ko da yake shi ma abin damuwa ne. Abin da ke tsaye a gonar jar dawar Baba ce, wadda ya gada wajen nasa uban, wadda kike cewa in ba ita aka dafa ba ba ki ci abinci ba. Bara rumbu ya yi yoyo, irin ya ruɓe, abin da na tsira da shi bai cika kwano biyu ba, kuma duk na zuba shi a ƙasa bana. Na zaga kasuwanni, babu mai irinta. Yanzu ta fitar da kai, ƙwayar in ka matse ruwa ne fari. Tana bukatar sati biyar. In aka sare ta a sati biyu, ta zama abincin awaki, kuma irin ya tafi har abada.

Shekara tara kina buga takardu a majalisar nan. Ki shiga wajen wani mai babbar kujera ki ce masa sati uku kacal yayanki yake roƙo a ƙara masa. Dawa ba ta san ranar da aka sa hannu a doka ba.

Ki gaida yara. Na bar ki lafiya.
Yayanki

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso ni, kuma na fahimci abin da ke ciki. Muna lafiya. Maigidan ya fara takawa da sanda, likita ya ce ƙashin yana haɗewa, sai dai tuƙi ba yanzu ba.

Game da dokar, an zartar da ita tun kafin saukar damina. Da an sanar a lokacin, da ka shuka wake ko gyaɗa ka huta. Sai dai ta zauna a kan tebur wata huɗu tana jiran sa hannu, sannan ta ƙara wata guda a wajen masu buga ta. Da ta fito kuma sai aka ce a fara aiki da ita nan take. Ba a yi wa manoma adalci a nan ba, wannan kowa a ofis ya yarda.

Amma Yaya, ka daina ɗaukata kamar wata babba. Ni mai buga rubutu ce. Abin da aka faɗa a zauren kwamiti shi nake sa wa a takarda, kuma in na shiga ofishin shugaban kwamiti ruwan shayinsa ma ya fi ni daraja.

Akwai sashe na goma sha ɗaya, wanda ya ce manomin da ya riga ya yi shuka yana iya neman a ɗaga masa ƙafa har girbi. Ka je ofishin gona na yankinku ka nemi fom ɗin. Ka tafi da hotonka biyu da shaidar gona. Don Allah kada ka yi musu faɗa, na san halinka. Ka gaishe su, ka zauna inda suka ce ka zauna.

Da gaske faɗin gonar mita arba'in da biyu ne? Ka tabbata ba su yi kuskure a awon ba?

Ka gaida matarka da yara.
Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Na bi maganarki, ban yi wa kowa faɗa ba, har ni kaina na yi mamakin kaina.

Na je ofishin gona. Na gaishe su, na zauna inda suka ce, a kan wani benci mai ƙafa uku da bulo. Bayan azahar aka ce mini wannan dokar tsaro ce, in je ofishin tsaro. Washegari na je can, suka ce su aikinsu sara ne, ɗaga ƙafa aikin ofishin gona ne. Na koma. Sai a nan wani akawu ya ji tausayina ya faɗa mini gaskiya, wai fom ɗin sashe na goma sha ɗaya ba a ma buga shi ba tukuna. Na ce to in rubuta da hannu. Ya ce ba a karɓar rubutun hannu, sai fom.

Kin tuna takardar yabon da aka ba ni shekara biyu da suka wuce? Wannan majalisar taku ce ta yi dokar raya irin gida, ta ce mu daina dogara da na waje, aka tara mu a rana aka ɗauke mu hoto, aka rubuta cewa ni mai adana tsohon iri ne. Na cire ta daga bango na tafi da ita. Na ajiye wa shugaban ofis ita a dama, takardar sara a hagu, na tambaye shi wacce zan bi. Ya duba wannan, ya duba waccan, ya ce duka biyun doka ne, amma ta hagun ce take da mota da ma'aikata.

Yanzu ga abin da ya hana ni cin abinci tun jiya. Da na fito na haɗu da malamin gona, ya rage mini hanya a babur ɗinsa. Shi ya halarci zaman jin ra'ayin jama'a kan dokar. Ya ce da farko mita ashirin aka rubuta, kuma manoma sun yarda. Ana shirin tashi sai wata ma'aikaciyar majalisar, mai buga rubutu, ta nemi izini ta yi magana. Ta ce an harbi mijinta direba a ƙafa, maharan daga cikin masara suka fito, kuma ashirin ba ta isa ba. Ta yi kuka, a nan take aka mayar da ita hamsin. Malamin bai san ke ƙanwata ba ce, ni ma ban faɗa masa ba.

Da mita ashirin ce, da fiye da rabin dawar Baba ta tsira. Kin karanta takardata, kin ga inda na ce ba ke kika yi mini laifi ba, kika tura ni neman fom da hoto biyu. Wannan shirun ya fi mini ciwo a kan sarar.

Saura kwana shida.
Yayanki

*

Yaya,

Ina gaishe ka, in har za ka amsa. Ni ce. Duk abin da malamin gona ya faɗa haka aka yi. Sau uku na fara rubuta maka a waccan takardar ina yagawa, kunya ta hana ni.

Ba ka ga maigidan ranar da aka kawo shi ba. Ni na gan shi. Ya ce mini masarar ta matso har bakin kwalta, bai ga kowa ba sai da suka tsaya a gaban mota, babu damar juyawa. Wata mata da ke zaune a bayansa ba ta kai asibiti ba. Ina zaune ina buga abin da ake faɗa, na ji ana ciniki a kan ashirin da goma sha biyar kamar ana sayen atamfa, sai na ji na miƙe. Ban shirya ba, kuma hamsin ɗin ma daga bakina kawai ta fito.

Kada ka ce ban tuna da gonar Baba ba. Wallahi na tuna da ita a daidai lokacin, na ce a raina ko an ɗebe hamsin, abin da ya rage wa Yaya ya ishe shi. Rabona da shiga gonar tun ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Ina ɗauko muku abinci a ka, in shiga daga bakin titi in yi ta tafiya cikin kara, ina kiran Baba ina kuka don na ɗauka na ɓata. A kaina gonar nan ba ta da iyaka. Da na ga arba'in da biyu a takardarka sai da na fita harabar ofis na taka da ƙafata. Daga ƙofa zuwa inda ake ajiye motoci ne kawai.

Na shiga wajen shugaban kwamiti jiya. Ya ce ai ni na kawo hamsin ɗin, yanzu kuma na dawo? Ya ce gyara sai majalisa ta dawo hutu, nan da wata biyu. Na je wajen masu buga fom, injinsu ya lalace. Na rasa inda zan sa kaina.

Amma ba zan yi maka ƙarya ta biyu ba. Da za a sake tambayata, ba zan ce ashirin ba. Abin da zan ƙara shi ne a bar mutane su girbe abin da suka riga suka shuka, kuma wannan ne ban yi hankalin faɗa ba ranar.

Ka yafe mini in za ka iya.
Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwarki. Maganar yafiya ki bar ta tukuna, raina bai sauka ba.

Ban jira su ba. Ranar Lahadi na wasa adda na sare da hannuna, don ba zan tsaya ina kallon baƙo yana taka dawar Baba ba. Matata ta zo taya ni, ta sare layi biyu ta zauna a ƙasa ta ce ba za ta iya ba.

Takardarki ta yi amfani ɗaya. Da kika ce kin taka da ƙafa, sai na ce ni ma bari in auna da kaina. Na ɗauki igiya na bi gonar wuri wuri. Can kusurwar baya, wajen tsohuwar rijiya, gonar ta ɗan kutsa ciki, mita hamsin da uku. Na bar abin da ke bayan layin, kara goma sha tara. Da mai awo ya dawo ranar Talata na sa shi ya ja tef ɗinsa a nan. Babbansu ya ce a sare kawai a wuce. Mai awo ya ce masa, "Oga, doka hamsin ta ce, wannan kuwa hamsin da ɗaya ne." Suka shiga mota suka tafi.

Kada ki yi murna. An share duk hatsin gefen titi, saboda haka tsuntsayen yankin nan kaf sun gane kara goma sha taran nan. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta ina tsaye da gwangwani ina kaɗawa kamar mahaukaci, masu mota na wucewa suna nuna ni. In na juya na sha ruwa sun sauka. Sun riga sun cinye huɗu, kuma saura sati uku.

Ki gaida mai jiki.
Yayanki

*

Yaya,

Barka da aiki, ya haƙuri. Ni ne mijin Auta. Ita ta kasa rubutu, takardarka tana cikin jakarta tana ta fito da ita.

Ga saƙo nan a hannun abokin aikina. Gidan sauronmu ne na yanka na ɗinka 'yan jakunkuna goma sha biyar, tunda zaman banza nake yi. Ka sa wa kowane kan dawa jaka ɗaya, ka ɗaure daga wuya. Iska da rana za su shiga, tsuntsu ba zai samu ba. Ɗinkin direba ne, kada ka duba kyau.

Ƙafata ce ta jawo maka wannan. Allah ya tsare abin da ya rage.

Ƙaninka, Direba

*

Auta,

Gaisuwa gare ku duka. Ki ce wa mijinki ɗinkinsa ya fi aikin majalisarku.

Kai tara suka nuna. Takwas suna rataye a ɗakina, inda takardar yabon take a da. Ga na taran nan na aiko miki, don ba zan ƙara tara irin Baba wuri ɗaya ba. In damina ta sauka ki shuka a bayan gidanki.

Amma kafin ki sa ƙwaya a ƙasa, ki auna daga titi. Da igiya za ki auna, Auta, kada ki auna da ido.

Yayanki