Agogon Sabar Garaku

Angwan Iya, Keffi
Laraba

Zuwa ga matata Judit,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikin Mama? Ina fata ƙafar ta yi sauƙi, ke ma kina samun hutawa.

Ni kam na gaji, ba zan ɓoye miki ba. Kin san asibitinmu na da saba biyu, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe sunayen ma'aikata, ɗaya a Keffi ɗaya a reshen Garaku, kowacce da domen ɗinta, wato nata rukunin ma'aikata. Ni na ƙulla musu amincewa, don nas ta Garaku ta buɗe fayil ɗin majinyaci da ke nan da sunanta. Tun Litinin sabar Keffi ta daina yarda da kowa daga can. Jiya wata mai ciki ta yini a benci saboda an kasa ganin sakamakon gwajinta.

Na bi wayoyin haɗi, na duba adireshin da kowace saba ke neman 'yar'uwarta da shi, na warware amincewar na sake ƙullawa har sau uku. Shiru. Darakta ya ce in Juma'a ta yi ban gyara ba, zai ɗauko wani daga Abuja, ni kuma in nemi inda dare ya yi mini. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Ezekiyel

Alhamis

Judit tawa,

Ina gaishe ki da Mama. Na gano matsalar, amma ban ji daɗin da na zata ba.

Yau na je reshen Garaku, na baro can ƙarfe huɗu daidai a agogon bangonsu. Motar da na shiga ko keke zai wuce ta, amma da na sauka Keffi sai na ga huɗu da kwata. Nan na gane agogon can ya yi gaba. Sabobin nan ba sa yarda da juna in agogonsu ya saɓa da fiye da minti biyar. Tun ranar farko na duba wannan, sai dai da agogon bangon can na gwada, na ga sun yi daidai, na wuce abina.

Na koma nan take. Mama Anjelina, babbar nas ta reshen, ba ta ɓoye mini komai ba. Shekara da shekaru tana tura kowane agogo na wurin gaba da minti ashirin don kada a makara wa majinyata. Da masu latti suka fara kafa mata hujja da lokacin kwamfuta, sai ta ɗauki makulli ta shiga ɗakin saba ta daidaita ta da bango. Kalmar sirrin kuwa a ƙarƙashin kibod, allon buga rubutun kwamfutar, ta same ta, da rubutun hannuna. Ni na manna ta.

Cikin minti biyu na gyara. Yanzu Darakta na son rahoton wanda ya taɓa sabar. Saura wata biyu matar nan ta yi ritaya, kuma a dokarmu hukuncin wannan kora ne. Zan iya cewa batirin agogo ne ya mutu, amma hannuna ya ƙi rubutawa.

Naki,
Ezekiyel

Asabar

Judit,

Yaya kuka kwana, ya mai jiki?

Na rubuta cewa na bar kalmar sirri a fili, an canza agogo, laifin nawa ne. Ban sa sunan kowa ba. Darakta ya tambaye ni sau biyu wanda ya canza shi, na ƙi faɗa. Ya yaba gyaran, sannan ya ce ba zai bar bayanan majinyata a hannun wanda ke manna sirri a tebur ba. Gaskiya ya faɗa. Ƙarshen wata zan miƙa makulli.

Mama Anjelina ta zo gida ɗazu da doya uku, tana hawaye, wai za ta je ta faɗi gaskiya ranar Litinin. Na roƙe ta ta bari, don ba zai dawo mini da aikin ba, sai dai mu fita mu biyu.

Kada ki gaya wa Mamanmu da kike jinya tukuna. Ban shawarce ki ba kafin in yanke, alhali abincin gidanmu ne, wannan shi ya fi damuna. In kin yi fushi ki rubuto mini fushin, zan karanta. Shirunki ne ba zan iya ɗauka ba.

Mijinki mai kewarki,
Ezekiyel