Na Wanke Fitilun Babanki

Litinin

Zuwa ga 'yata Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya aikin asibiti? Ni kalau nake, sai gwiwa, ita kuwa mun saba. Matar mai kanti ce ke rubuta mini, za ta ɗauki hoton takardar ta tura miki, don a waya ba kya barina in kai ƙarshen magana.

Auta, na yi ɓarna. Da kika ce mai sayen tsofaffin kaya zai zo Alhamis ya kwashe fitilun marigayi babanki, na ce ba za a fita da su da ƙura ba, a ce bai bar mace a gida ba. Manyan ban taɓa ba, mai hular siliki da geza, da ta tangaran mai hoton tsuntsu. Koraye bakwai ɗin nan na sauke. Kin san ɗaya tamu ce, ta gefen gado, ta girme ki. Shida 'yan uwanta ne, maƙeri ɗaya ya yi su tun ana zuba musu mai, daga baya aka ja musu wayar lantarki. Shekara talatin babanki yana bin su. Duk gidan da aka yi rasuwa aka fito da kaya, yana can yana leƙa ƙarƙashin fitila yana neman hatimin maƙerin. Da ciwo ya kwantar da shi ya ce a kai tamu cikin 'yan uwanta, haske na damun idonsa.

To, na cire hulunan gilashin duka na zuba a baho ɗaya da sabulu. 'Yan takardun da ya ɗaura da zare, ɗaya a hula ɗaya a ƙafa, na yanke na zubar, ni na ga datti ne. Sai yau matar mai kanti ta tsinci guda a shara, ta ce sunan gida ne da shekara. Ashe da su yake gane hular kowace ƙafa. Ni kuwa na mayar da su yadda hannu ya kai.

Kin ce za a bar mini tamu. Wacce ce tamu yanzu?

Jiya bayan abincin rana na kunna ɗaya ko zan gane. Kin san ɗakin fitilun, babanki ya toshe tagar don kar rana ta cinye launi. Auta, a bango na ga inuwar dogon agogo da kejin tsuntsu. Mu ina muka ga keji? Kusa da agogon mutum ne tsaye, hannu a baya, kafaɗa ɗaya a sauke, yana waige-waige kamar baƙon da ba a ba wurin zama ba. Shekara arba'in da shida ina ganin kafaɗar nan. Na fita da gudu, ban ma lura wacce na kunna ba, mai kanti ne ya shiga ya kashe ya mayar da ita layi.

Ga matarsa nan tana dariya, wai tabarau nake bukata. Na ce rubuta har dariyar. Ki zo kafin Alhamis. A gaida yara.

Innarki

Laraba

Auta 'yata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutan gidan. Allah ya sa zazzaɓin ƙaramin ya sauka. Yau tela ne ke rubutu. Matar mai kanti ta bi ni ɗakin jiya don ta ƙara dariya, ta fito ta bar takalmi ɗaya a ciki, har yanzu ba ta aiko a ɗauka ba. Wai yatsanta ke ciwo.

Saƙonki ya iso, wai in sha maganina, an riga an ɗauki mota. Na sha. Ki saurare ni dai.

Na gane abin. Ƙafa ita ke riƙe da ɗaki, hula ke riƙe da mai ɗakin. Kin tuna kullum bayan abinci babanki kan shiga ya kunna ɗaya, ya yi sallama, ya ɗan zauna ya kashe? Nakan tsokane shi in ce an je gaida 'yan mata ke nan, ya ce waya yake dubawa, tsohuwa mai baki. Ko gogewa zai yi, ɗaya-ɗaya yake saukewa, sai ya mayar da hular kafin ya taɓa ta gaba. Sau ɗaya na miƙa hannu zan taya shi, ya ce bari, kowa a ɗakinsa. Ban tambaya ba. Ni da bahona, rana ɗaya na watsa mutum bakwai gidajen da ba nasu ba.

Ƙafar fitilarmu na same ta, na ɗaura mata tsumma. Ga gadonmu a bango, ga kujerarsa, ga ƙusar da yake rataye riga. Amma wata mata ce zaune a gefena na gado, tana taje gashi har ƙugu. Na ce baiwar Allah ki yi haƙuri, ni na yi kuskure. Ta daina tajewar. Na cire hularta da gaggawa, har bakin ya ɗan tsage.

Sauran ina ta gwadawa. Ba kullum suke fitowa ba, sai ki zauna awa guda ɗaki wayam. Na ga tsoho mai sanda, na ga wata mai ɗinki, na ga mai tari, inuwar ce kawai ke girgiza ba sauti. Saura hula uku ban ga kowa ba, babanki na cikinsu. Ko fushi yake, ko kunya, kin san shi da gidan mutane.

Ki ce wa mai sayen ya ƙara mini kwana uku. Ba na son komai sai in mayar da babanki ɗakinsa. Tela ya ce in rage, allura na jiransa.

Innarki mai ƙaunarki

Alhamis

Auta,

Ina gaisuwa, ya yara. Ina shagon tela, nan nake tun ɗazu.

Mutumin ya zo da safe, ya ce ba ki ce masa komai ba. Mutumin kirki ne, da safar hannu fara. Yana juya fitila ta farko ya ce, Mama, wa ya yi wannan aika-aika, hula in ba ta ƙafarta ba ce ai rabin darajar ta tafi. Na ce ni ce. Ya bi sawun da ƙarfe ya bari a bakin gilashi ya haɗa huɗu daidai. Sauran hula ukun ya ce sabulu ya cinye shaida, ko maƙerin ya tashi ba zai gane ba. Ya jera su ya ce in zaɓa. Na roƙe shi ya bar mini duka zuwa Asabar, ya ce Asabar ɗin masu saye za su zo, kowa da wadda ya kama, har da mai tafiya da tasa ƙetare.

Na shafa su ɗaya-ɗaya. Guda ta yi mini ɗumi a hannu, na ce wannan. Sauran ya naɗe a jarida ya sa a kwali. Ina tsaye motar ta tafi.

Na ɗora ta a ƙafar tamu, na kunna, na yi sallama yadda yake yi. Ɗakinmu ya fito. Na jira, na jira. Can wani ya shigo ya zauna a kujerar babanki. Ƙato ne, kansa ya kusa ƙusar riga, da lofe a baki. Babanki ko warin taba ba ya so. Ya miƙe ƙafa kamar gidansa, sannan ya juyo da kai wajena a hankali.

Babanki na cikin kwali, Auta. Ni na sa aka naɗe shi.

Shagon mutumin a garinku yake. Ki bar aikin nan gobe ki je, ki ce ya kunna miki biyun. Ki yi sallama, ki kira shi Baba, ke ba zai ɓoye miki ba. Ki ɗauko shi a cinyarki, kar ki sa a bayan mota. Ki zo da kwali wofi kuma, don na kashe fitilar, na zare wayar daga bango, na cire hular na kife a tebur, amma da na waiga daga bakin ƙofa wannan ƙaton yana nan zaune.

Allah ya yi miki albarka. Ki yi sauri.

Innarki