Na Ƙara wa Kwamfutarka Gudu, Ta Tsaya Cak

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara rufa asiri, ya yi wa aikinka albarka. Mu nan lafiya lau, in ka cire gwiwar mahaifiyarka da kuma kaina, wanda ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa.

Kwamfutar nan da ka haɗa da hannunka ka bar wa Auta, ita na kashe. Ka san tana zanen ginin da za ta miƙa a makaranta kafin ta kammala, kuma duk hoton da ta sa kwamfutar ta fitar sai a wuni ana jira. Tausayinta ya kama ni. Ina nan na ga wani a waya yana koyar da yadda ake ƙara wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, gudu fiye da yadda masu ƙera ta suka saita, sai ni da na bar makaranta tun ana lissafi da tsinke na ce wannan ai ba gagara ba ne. Da Auta ta fita, na zauna a kujerarta, na ƙara gudu, na ƙara wuta. Mutumin ya yi ta nanata a lura da zafi, ni ma na lura. Na ɗora bayan hannuna a jikin akwatin kwamfutar kamar yadda nake taɓa goshinku kuna yara, na ji ɗumi kaɗan. Na sa manhajar auna zafi, ta nuna lambobi biyu, ɗaya arba'in, ɗaya ta haura casa'in. Na zaɓi arba'in ɗin, don ta fi kwantar da hankali. Kwamfutar ta mutu, na kunna. Ta sake mutuwa, na ƙara mata wuta, wai ko yunwa ce. Daga nan ba ta ƙara tashi ba.

Mai gyara ya buɗe ta a kan teburinsa, ya ce ƙaramar lambar zafin cikin akwati ce, babbar ita ce ta furosesar kanta, kuma mutuwar da take yi roƙona take in bari. Ya ce zanen yana nan bai ɓace ba, amma sai an samo wasu kayan, shi kuma ba shi da irinsu. Wanda bai iya ruwa ba ya tsaya a gaɓa, ni na faɗa tsakiya da takalmi.

Abin da ya fi damuna shi ne Auta ba ta san ni ne ba. Tana ganin ita ta wahalar da kayan yayanta har suka lalace. Ta ce da mahaifiyarka ba ta san da wane ido za ta dube ka ba, ga lokacin miƙa aiki ya matso. Mahaifiyarka ta sani, sai dai ta ajiye mini abinci ta bi ni da kallo. Ka faɗa mini abin da za a nemo da yadda za a yi, ni dabarata ta ƙare.

Ka gaishe da surukata, da ƙanena Dogo in kun haɗu, da amaryata 'yar ƙarama, ka ce mata angonta ya zama injiniya. In Auta ta kira ka tana ba da haƙuri, kada ka karɓa, ba nata ba ne. Zan gaya mata da bakina. Na je ƙofar ɗakinta ɗazu, na ji tana kuka, sai na tambaye ta ko ta ga tabarauna.

Naka,
Babanku