Ni Na Amsa Wayar Da Mijina Yake Jira

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah ki sakaya sunana. 'Yan uwa kuma, kafin ku fara zagi ku daure ku kai ƙarshe. Na san abin da za ku ce, na riga na faɗa wa kaina wanda ya fi shi muni. Shawara nake nema, don lokaci ya ƙure mini.

Ni 'yar Argungu ce. Babana masunci ne, Innata kuma bandar kifi take yi, da wannan hayaƙin aka yi mini makaranta har na gama sakandare. Mijina, wanda zan kira Malam don haka nake kiransa, ɗan Nasarawa ne a Birnin Kebbi, malamin kimiyya a wata babbar makaranta. Shi ya gan ni ya ce yana so, ni ma na so shi. Amma tun da aka kai ni gidansa a Badariya, kullum sai an tuna mini inda na fito. In miya ta yi gishiri, "ɗiyar masunta". In na yi kuskuren Turanci gaban abokansa, sai ya sa in maimaita su yi dariya. Na fara karatun aikin lafiya, ya ce ƙwaƙwalwata ba ta kai nan ba, ya tsayar da ni. Duk wannan na haɗiye. Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne ranar da Inna ta zo da kwandon busasshen kifi, ta zauna kan kujerar falo. Ya shigo ya gaishe ta a tsaye, ya ce in shimfiɗa mata tabarma a baranda, an fi samun iska. Tana tashi, tun ba ta kai ƙofa ba, ya ɗauko turaren fesawa ya bi kujerar da shi. Ta ji ƙarar fesawar. Da na raka ta tasha ina kuka, ta ce, "Bar kuka. Warin ga shi yac cishe ki, ba abin kumya ba na. Koma ɗakinki." Ba ta sake taka gidana ba har Allah ya karɓi ranta.

Shekara da shekaru Malam yana shiga cacar bizar Amurka, bai taɓa dacewa ba. Wata shekara ya sa sunana don ƙarin sa'a, sai nawa ya fito. Ya bi Birnin Kebbi yana gaya wa mutane shi aka ba, mu rakiya za mu yi. Haka muka taso da 'yarmu guda, zan kira ta Husna, lokacin ba ta daɗe da shiga firamare ba.

Ba zan faɗi sunan garin ba, don Hausawan da ke cikinsa ba mu cika mota ɗaya ba, nan take za a gane ni. Matsakaicin gari ne a bakin teku, da tashar jiragen ruwa da kamfanonin sarrafa kifi, da wasu fararen tsuntsaye masu kuka kamar jarirai tun asuba. Sanyi ya tarbe mu, irin wanda ke shiga haƙori. Muka sami ɗaki a saman wani tsohon gidan katako, in ka yi tari maƙwabci na ji. Bas ba ta cika zuwa ba, in ta wuce ka sai ka daskare a tsaye. Masallacin garin tsohon shago ne, mafi yawan masu salla 'yan Somaliya ne da 'yan Sudan. To a nan duniya ta juya. Turancin Malam da ake tsoro a gida, yarinyar kanti sai ta ce ya maimaita, ya maimaita, har ya yi zuciya ya bar kayan. Ni kuwa da nawa gurgun Turancin, da nuni da hannu da dariya, sai ga shi ana gane ni. Na sami aiki a gidan kula da tsofaffi, ina yi musu wanka ina canza musu shimfiɗa. Na koyi tuƙi na ci jarrabawa. Shi ya yi ta faɗuwa har ya daina zuwa. Takardunsa kuwa ya aika duk inda ya ji ana nema, shiru. Lambar wayata ya riƙa sawa, don tawa ce kullum a kunne, tasa sai an yi wata ba kati.

Akwai wani dattijo ɗan Sudan a masallaci, kowa Dakta yake ce masa, yana koyarwa a kwalejin garin. Shi ya karɓi takardun Malam, ya ce akwai gurbi a ɗakin gwaje-gwaje, in ya yi haƙuri daga nan zai kai ga koyarwa. Ya ce ya riga ya yi magana a kansa a kwalejin, ya jira waya kawai. Ranar Malam ya dawo gida da tafiyarsa ta da. Washegari da safe ina ɗaura takalmin aiki na ji yana ce wa Husna, "Bari aikina shi tabbata. Uwarki za ta koma kicin inda ta dace. Share kashin tsohhin Turawa ai sai ɗiyar masunta." Yarinyar ta yi dariya don ta ga yana dariya.

A ranar nan da rana, ina hutun cin abinci a wurin aiki, waya ta shigo. Wata Baturiya ce daga kwalejin, ta nemi mijina, ta ce suna son ya zo su gana a makon da ke tafe, kuma da wuya ba su ɗauke shi ba saboda shaidar da Dakta ya bayar. Ban shirya ba, wallahi ban kwana da niyyar ba. Amma bakina bai yi rawa ba. Na ce mata mun gode, ya riga ya sami wani aiki a wata jiha, ba ya buƙata. Ta yi masa fatan alheri ta kashe. Na goge kiran, na ƙarasa cin abincina, har na ƙara da shayi.

Da a nan na tsaya, da na ce shaiɗan ne na minti ɗaya. Amma me zan ce game da abin da ya biyo baya? Malam ya goge rigarsa mai ruwan sararin sama ya rataye a bayan ƙofa. Kullum na dawo aiki zan same shi bakin taga, ya taso da sauri ya karɓi wayata yana dubawa. Ni kuma, don mugunta, kafin ya tambaya sai in riga shi: "Malam, hala ba su kira ba har yanzu? Ikon Allah. Ko takardun naka na ba su gane ba?" Ina kallon fuskarsa, ina jin wani sanyi a ƙirjina kamar na sha ruwan randa. Girman kai ya hana shi zuwa ya tambayi Dakta. Daga baya ma ya daina zuwa masallacin, wai kada a ce yana bin mutum da roƙo. Dakta shi ma bai neme shi ba, na san fushi ya yi, ya ɗauka an watsa masa ƙasa a ido. Na ga duka wannan, na yi shiru.

Da sanyi ya zagayo na ce masa na gaji, ni kaɗai ba zan iya riƙe gida ba. Mijin wata abokiyar aikina yana wani kamfanin kifi a bakin tasha, na sa ya yi masa hanya. Akwai wasu ayyukan, akwai kanti, akwai gadi. Ni na zaɓi kifi. Ni na tuƙa shi har bakin ƙofar ranar farko, ya zauna cikin motar ya kasa fita, yana kallon mutane da dogayen takalman roba suna shiga. Ya ce, "Yanzu nan za ki aje ni?" Na ce, "Mi am matsala? Ai kihi na. Mu da shi munka girma, ba mu mutu ba." Ya buɗe ƙofa ya fita.

Na kafa doka, ba ya shigo mini ɗaki da kayan aiki. A kan matakala yake tuɓe su cikin wannan sanyi, ya ƙulle a leda, sannan ya wuce banɗaki. In ya zauna kan kujera ya tashi, sai in ɗauko turare in fesa, ba na ma jira ya fita. Ranar farko da na yi haka ya tsaya ya dube ni, na dube shi. Ya gane. Na so ya yi faɗa, ya zage ni, in sami abin riƙewa, amma sai ya sunkuyar da kai. Hannayensa suka farfashe, ya rame, mutumin da baki ba ya rufuwa ya koma sai a wuni bai ce uffan ba. In mutanen gida sun kira daga Nasarawa sai ya sa rigar nan mai ruwan sararin sama ya ce musu yanzu ya taso daga aji. Ni kuma in leƙo in gaishe su ina murmushi.

Abin da ban lura ba shi ne Husna tana kallo. Wata rana ya miƙa hannu zai gyara mata hula, ta ja da baya ta toshe hanci, ta ruga ta ɗauko turaren ta fesa masa a hannu. Irin riƙon da nake yi wa gwangwanin, irin yatsina fuskata, komai nawa. Ta roƙe ni kada ya sake zuwa ɗaukarta makaranta. Malamarta ta tambaye ni wane ne mutumin da ke zaune a gidanmu, don Husna ta ce babanta yana Najeriya. Na tsawata mata? Na yi, da baki. Amma yaro ai ba baki yake ji ba.

Watan da ya wuce injin yanka ya kama hannunsa na dama. Yatsu biyu sun tafi, na uku likita ya ce ba zai sake lanƙwasuwa ba. Hannun da yake riƙe alli da shi. A asibiti, da maganin barci ya sake shi, ya kama gefen hijabina da hagu ya ce, "Ke kika riƙe mu garin ga, ni ban tsinana komi ba. Na san abin da niy yi ma Inna. Alhakinta na ka bina. Ki yahe mini tun da ita ba ta nan." Anti, kin san abin da na ji? Na zaci tausayi zai zo. Haushi ne ya fara zuwa, don ya ƙwace mini abin da nake jin daɗinsa. Sai da na fita na zauna cikin mota sannan na buɗe ƙofa na yi amai a bakin titi.

Ranar Lahadi da ta wuce Dakta ya ji labari ya zo dubiya. Suka gaisa, ya yi masa addu'a, ba wanda ya ta da zancen aiki, kowa na jin nauyin ɗan uwansa. Na raka shi matakala. Ya tsaya ya dubi ledar kayan aikin da har yanzu ke rataye a wurin, ya ce, "Wannan ce wata jihar da ya tafi?" Na janyo ƙofa don kada Malam ya ji. Ya ce, "Matar ofishinmu ta gaya mini mace ce ta amsa wayar. Na ɗauka shi ya sa ki, shi ya sa na fita harkarsa. Yau da na ga idonsa na san bai sani ba. Ranar Juma'a zan zo in kai shi masallaci. Ba zan fara zancen ba, amma in ya tambaye ni ba zan yi masa ƙarya ba. Gara ya ji daga bakinki." Ya sauka bai yi mini sallama ba.

Shi kuma Malam yanzu maganarsa ɗaya, da zarar an cire ɗinki zai koma gida. Ya ce in riƙe Husna, wai ta fi dacewa da ni, shi ba uban da za a nuna ba ne a ƙasar nan. Ya ce ya gwada, ƙasar ta auna shi ta ga bai kai ba. Ya yarda da haka har zuciyarsa, kuma ni na dasa masa.

Zan iya hana haɗuwarsu ranar Juma'a, in ce asibiti sun kira, in yi ta jan lokaci har ya hau jirgi yana sa mini albarka. Zan iya durƙusawa in faɗa masa, ya sake ni, ya gaya wa danginsa da nawa, Husna ta girma ta ji abin da uwarta ta yi. Yatsun dai ba za su dawo ba ko ta wace hanya. Kuma ga abin da ya fi ba ni tsoro, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba: duk lokacin da na ƙudurta zan gaya masa, sai in kama kaina ina ƙiyasta yadda fuskarsa za ta yi in ya ji. Ban sani ba ko tuba ce ke tura ni, ko so nake in ga wannan fuskar.

Yau Laraba. Don Allah 'yan uwa, me zan yi?