Ɗumamen Gimbiya

Laraba, bazara ta talatin da huɗu bayan shekarar ƙyanda

Zuwa ga ƴata Zahara'u,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ya jikin jikana Hisham? Ya zaman jinya? Allah ya tashi kafaɗunsa, ya ba ki ladan ɗawainiya. Innarki Yalwa tana gaishe ki.

Malam Abdulhadi ke rubuta mini. Ya so ya sa kwanan wata irin na lakwal, wato na boko, na ce a'a, ni da shekarar ƙyanda nake lissafi, wadda ta ɗauki yara sha ɗaya a ƙauyen nan kafin ruwan farko, har da wanki Sabo. Har yau ina jero sunayensu gida gida. Shi ya sa da likitocin Magariya suka ce kada jaririyarki ta kusanci ɗakin masu ƙyanda, a bar mana ita a gida, ban yi gardama ba. Kin kuwa san ni da gardama.

Dogo mai moto, wato babur, yana kawo akwatin ƙanƙarar nan kullum da hantsi, da kwalaben nonon da kike tatsowa. Ban taɓa ganin an yi wa nonon mutum haka ba.

Sai dai tun jiya amaryata Gimbiya ta ƙi kwalbar nan mai baki da kuke ce wa bibiro. Da an kai mata sai ta kau da kai ta tsala ihu. Innarki tana ɗiga mata da cokali, tana haɗiye kaɗan, sauran ya bi wuya. Mata sun yi ta shigowa dubiya. Baturiya maƙwabciyarmu ta ce nonon mace mai tashin hankali yakan lalace, balle wanda ya sha ƙanƙara ya hau moto. Sun ce a koma na saniya. Ni dai ina zaune kan buzuna ina ji.

Ki gai da Hisham, ki ce masa akuyarsa ta haihu biyu.

Mahaifinki,
Tamu


Alhamis da la'asar

Zuwa ga ƴata Zahara'u,

Assalamu alaikum. Ya mai jiki? Dogo ya ce ƙurajen sun fara bushewa, har ya nemi kunu. Alhamdu lillahi.

Dogo ya kuma ce da aka karanta miki takardata kin yi kuka, kin ce in nononki ne ke cutar da ita gara ki daina tatsa. Kwalba biyu kawai ya kawo yau. Na ce wa Malam ya rubuta abin da zan faɗa yadda na faɗe shi, kada ya gyara mini ko kalma ɗaya.

Nononki lafiya lau yake. Ni ne.

Saƙonki na ranar farko cewa ya yi a ɗumama kafin a ba ta. To ni shekara saba'in da ɗoriya ina cin ɗumame, ban taɓa ganin wanda aka yi ba wuta ba. Tuwon jiya sai ya hau murhu ya yi tururi ake kiransa ɗumame. Da na ga innarki tana tsoma kwalbar cikin kwanon ruwan ɗumi tana zaman jira, har tsiya na yi mata, na ce rowar itace ce ta tsufa. Ta ce haka kika yi bayani ta wayar Dogo. Na ce ba ta ji daidai ba.

Ranar Talata ta tafi gaisuwar mutuwa bayan azahar, ta bar mini yarinya tana barci. Ta farka da kuka. Gawayin shayina yana ci, sai na juye nonon cikin butar shayi na ɗora, har ya taso. Na mai da shi cikin bibiro, na ɗan jira, na damƙa a tafin hannu na ji ba zafi. Hannun da ya shekara sittin yana riƙe hauya, ko garwashi na ɗauka da shi ba na ji. Zuƙa biyu ta yi. Zahara'u, ban taɓa jin jariri ya yi irin wannan ƙara ba.

Na zubar da sauran bayan rumbu, na wanke butar. Da innarki ta dawo na ce haka ta farka. Kwana biyu ina zaune kan buzuna mata suna ɓata nononki a gabana, ni kuma na sa aka rubuto miki maganarsu. Wannan ya fi ƙunar ci mini rai.

Yau da Dogo ya tafi na faɗa wa innarki. Na zaci za ta tara mini jama'a. Ba ta tara kowa ba. Ta kai yarinyar bakin ƙofa wurin haske, ta buɗe bakinta da ɗan yatsa, muka ga fari fat a dasashi da kan harshe. Sannan ta ɗebo ruwan ɗumi a kwano, irin wanda hannu ke iya zama a ciki, ta tsayar da kwalbar a rufe, ta sa ni na zauna ina kallo har sanyin ya fita. Ta juya ta a hankali, ta kamo hannuna ta birkice shi, ta ɗiga mini a cikin wuyan hannu, inda babu kanta. Ta ce in ban ji zafi ba, ban ji sanyi ba, shi ne. Wanda yarinya ta sha ta rage kuma zubarwa ake yi, ba a sake ɗumama shi. Ashe kalmar ɗaya ce, aikin biyu.

Gimbiya ta sha cokali tara ɗazu. Amma tsumman da take jiƙawa da fitsari sun ragu, innarki kuma tana yawan taɓa maɗigarta ta ji ko ta faɗa. Ba zan ɓoye miki wannan ba.

Don Allah kada ki daina tatsa. Ki ci abinci, ki sha ruwa, ki cika mana kwalaben kamar da. Yafiya kuwa ban roƙa ba tukuna, sai ranar da na miƙa miki ita tana tsotso.

Gobe da na sallame asuba zan ɗaura wa jaki amalanke, mu kai ta likita a Yekuwa ni da innarki. Zan gaya wa manjo, babban ma'aikacin jinyar wurin, da bakina abin da na yi, kada ya ɓata lokaci yana neman wani ciwo. Hanyarmu ta bi ta rijiya, lokacin kuwa Baturiya da sauran mata suna can da gugansu. Zan tsai da jakin in sauka, in faɗa musu su ma.

Ki gai da Hisham. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mahaifinki,
Tamu